Tsohon Burodin Gyaɗa, Da Yadda Za Ki Gasa Shi Tare Da 'Yarki

 A wannan mako ina so mu yi magana a kan wani burodi mai sauƙin yi, wanda ba ya bukatar yis, ba ya bukatar murza mai gajiyar da hannu, kuma ana iya gasa shi a cikin tukunyar ƙarfe bisa gawayi. Amma ina roƙon duk uwar da ta yi niyyar gwada shi, kada ta gwada ita kaɗai. Ta kira 'yarta, ko ƙanwarta, ko 'yar riƙonta, su yi aikin tare tun daga farko har ƙarshe. Ga dalilina.

Mu mata mun saba da girkin ido da hannu. In kina tuƙa tuwo kika ga ya yi ruwa, sai ki ƙara gari. In miya ta yi kauri ki ƙara ruwa, in gishiri bai ji ba ki ɗanɗana ki ƙara. Wannan gwaninta ce babba, amma ana shekaru kafin yarinya ta same ta, domin ba ta faɗuwa da baki. Shi kuwa burodi halinsa dabam ne. Da zarar ya shiga wuta, gyara ya ƙare. Duk abin da za a yi masa, tilas a auna shi daidai tun kafin a haɗa. Saboda haka yarinya mai shekara 7 ko 8, wadda ba ta isa ta tuƙa tuwon gida ba, tana iya yin burodin da zai yi kyau kamar na uwarta, muddin ta karanta abin da aka rubuta, ta auna daidai, ta kuma jira lokaci. Karatu, da lissafi, da haƙuri ke nan a cikin aiki guda.

A wajen horon malamai an koya mana cewa abin da yaro ya riƙe da hannunsa ya fi zama a kansa bisa ga abin da aka rubuta masa a allo. Duk malamar da ta taɓa koyar da rabi da kwata ta san gaskiyar wannan. Yarinyar da za ta tsaya tana zare ido in an tambaye ta rabi da rabi nawa ne, ba ta shi a kofi ki ga ikon Allah. Nan da nan za ta ce miki kofi ɗaya ne.

INDA BURODIN YA FITO

Wannan irin burodi na matan Amurka ne, kuma bai samu ba sai da aka sami bakin hoda, watau farar hodar nan mai sa ƙulli ya kumbura. Kafin nan, yawanci mai son burodi sai ta sa yis ko tsohon kwaɓi mai tsami, ta jira awoyi ya tashi. A shekarar 1843 wani mai haɗa magunguna a birnin Bamingham na Ingila, sunansa Alfred Bird, ya haɗa bakin hoda saboda matarsa, wadda jikinta ba ya karɓar yis. Daga baya hodar ta yaɗu a Amurka, mata suka ga ashe ana iya kwaɓa burodi a gasa shi a ci duk a cikin yammaci guda.

A 1896 wata malamar koyar da girki a birnin Boston, mai suna Fannie Farmer, ta fitar da littafin girki wanda ya yi suna ƙwarai. Abin da ta fi nanatawa a ciki shi ne a riƙa auna kome da kofi da cokali, a kuma share bakinsu ya zama daidai. Tun daga nan mace ta iya rubuta wa 'yar'uwarta yadda ake wani abinci, ta aika mata gari mai nisa, ita kuma ta yi ya fito yadda ake so.

Su mutanen Amurka sun fi zuba 'ya'yan itatuwan ƙasarsu a cikin wannan burodi, irin su walnat da pikan, masu ɓawo mai tauri da maiƙo a ciki. Amma gyaɗa ma ta shiga tun da wuri. Akwai wani masanin aikin gona baƙar fata, George Washington Carver, wanda aka haifa cikin bauta, ya yi ilmi har ya zama malami a makarantar Tuskegee a jihar Alabama. Ya ga auduga ta cinye ƙarfin gonakin talakawan yankin, sai ya riƙa ba su shawara su shuka gyaɗa. A 1916 ya buga wani ɗan littafi mai bayyana yadda ake noman gyaɗa da hanyoyi 105 na sarrafa ta a ci, kuma akwai burodin gyaɗa a cikinsu. To, kun ga ke nan in mun sa gyaɗarmu ba mu ɓata tsohon burodin ba. Ga ta kuwa a kowace kasuwa, mun fi kowa sanin mai kyau da marar kyau.

KAYAN DA ZA KI TANADA

Ki nemi kofi guda wanda yake cin kamar kwatan lita, watau mililita 240, ki auna kome da shi, kada ki canja. Babban cokali ɗaya daidai yake da cokalin shayi 3.

Fulawa, kofi 2
Sukari, rabin kofi
Bakin hoda, cokalin shayi 3
Gishiri, rabin cokalin shayi
Ƙwai, guda 1
Madara, kofi 1
Man gyaɗa ko narkakken man shanu, babban cokali 3
Soyayyiyar gyaɗa dakakkiya, kofi 1
Dabino yankakke, rabin kofi, in ana so

Sa'an nan kwano biyu, babba da ƙarami, da rariya, da cokalin katako, da gwangwanin gasa burodi mai tsawon kamar santimita 21. In ba ki da shi, ƙaramar tukunyar alminiyam marar hannun roba ta isa, sai dai burodin ya fito kewayayye. Madara kuwa, ta gari ce ko ta gwangwani, ki dama ta da ruwa mai tsabta har ta cika kofi. In ta shanu ce, a tafasa ta tukuna a bar ta ta huce.

Aikin farko na yarinya shi ne ta kwafe wannan jerin a littafinta da hannunta. Kana ta karanta da ƙarfi, ke kuma kina miƙo kaya ɗaya bayan ɗaya, tana sa alama. Kada a fara haɗi sai kome ya hallara a gabanku. Ba abin da ke ɓata aiki kamar a kwaɓa ƙulli sa'an nan a tashi yaro ya tafi neman ƙwai.

TSINTAR GYAƊA

Wannan aiki ne da ƙananan yara suke so, kuma yana da muhimmancin da ya wuce yadda ake zato. Ki zuba gyaɗar a faifai, ki nuna wa yarinya wadda za ta fitar: wadda ta yamushe, da wadda ƙwaro ya huda, da wadda ta yi baƙi, da wadda ta yi fumfuna kore ko rawaya. Duk waɗannan a zubar, kada a ba kaji, kada kuma a ce za a yi ƙuli da su.

In ta tambaye ki dalili, ga labarin da za ki ba ta. A 1960 talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a gidajen kiwo na Ingila. Da masana suka bincika, sai suka tarar an ba su abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga ƙasar Birazil, wadda fumfuna ta kama. Wannan fumfuna tana fitar da wata guba da ake kira afulatoksin, mai lahanta hantar mutum da ta dabba, kuma suya ba ta kashe ta duka. Tana kama gyaɗar da ba ta bushe sosai ba, ko wadda aka ajiye a wuri mai danshi. Yarinyar da ta koyi wannan tun tana ƙarama, ta sami ilmin da zai tsare gidanta nan gaba.

Bayan an tsince, ke uwa ki soya gyaɗar da yashi yadda aka saba, amma kada ta yi ja ƙwarai, domin za ta sake shan wuta a cikin burodi. In ta huce, yarinya ta murje ta, ku bakace, sa'an nan ta daka ta a turmi sama-sama. Ana so ta farfashe, kowace ƙwaya ta rabu kamar gida huɗu. In aka zarce da daka sai ta fara fitar da mai ta koma tunkuza. Dabino kuma, in busasshe ne, a cire ƙwallon, a jiƙa shi a ruwan ɗumi minti 15, a tsane, ke ki yayyanka shi ƙanana.

HAƊIN ƘULLI

Kafin a taɓa kome, ku duka biyu ku wanke hannu da sabulu, yarinya ta ɗaura ɗankwali ya rufe gashinta. Ki hura wuta tun yanzu, yadda zan bayyana a gaba, domin tukunya ta yi zafi kafin ƙulli ya gamu. Ita kuma ta shafe cikin gwangwanin da ɗan mai, ta barbaɗa fulawa kaɗan, ta karkaɗe.

Yanzu sai awo. A kasuwa mun saba a cika mana mudu har ya yi tozo, in bai yi ba mu ce an ƙware mu. A nan kuwa ba a son tozo. Ki nuna mata ta riƙa zuba fulawa cikin kofi da cokali, ba tare da dannawa ba, in ya cika ta share bakinsa da bayan wuƙa. Haka za ta yi wa sukari, da gishiri, da bakin hoda. Ki bar ta ta ƙirga da bakinta. In ta yi kuskure ki ce ta sake dubawa, kada ki karɓe kofin daga hannunta.

Ta tankaɗe fulawa da bakin hoda da gishiri tare cikin babban kwano, domin hodar ta ratsa ko'ina. Ta zuba sukari, da gyaɗa, da dabino, ta juya har kowace ƙwaya ta sha fulawa. Amfanin wannan shi ne kada gyaɗar ta taru wuri guda, dabinon kuma kada ya manne da juna.

A ƙaramin kwano ta fasa ƙwai. Ko da yaushe a fasa ƙwai shi kaɗai tukuna, don in ya lalace kada ya ɓata sauran kaya. Ta kaɗa shi, ta zuba madara da mai, ta sake kaɗawa. Sa'an nan ta yi rami a tsakiyar fulawar, ta juye ruwan gaba ɗaya.

A nan ne za ki tsaya a kanta sosai. Yaro yana son juyi, in an bar shi sai ya tuƙe ƙullin kamar tuwo. Ki ce mata ta juya a hankali tana ƙirgawa, kamar sau 20, da zarar busasshen gari ya ɓace ta tsaya, ko da akwai 'yan gudaji. Dalili kuwa, alkama tana da wani danƙo wanda yake ƙaruwa in an jiƙa ta ana juyawa. Masu burodin yis da masu taliya suna neman wannan danƙo, shi ya sa suke murza kwaɓinsu. Mu a nan ba mu son sa, domin shi ke sa burodin ya yi tauri, ya kuma yi dogayen ramuka a ciki. Ƙullin da ya yi daidai ya fi na waina kauri, yana faɗowa daga cokali da nauyi.

Ta juye shi a gwangwani, kada ya wuce kashi biyu cikin uku na zurfinsa, ta baje samansa da bayan cokali. Tsofaffin littattafan girki sukan ce a bar shi ya huta minti 20 kafin a gasa. Yawancin bakin hoda na yanzu sau biyu yake aiki, sau ɗaya in ya jiƙe, sau ɗaya kuma in ya ji zafin wuta, saboda haka hutun bai zama tilas ba. In tukunya ta yi zafi a sa shi kawai.

Lalle yarinya za ta tambaye ki abin da ke sa ƙulli ya tashi. Ki ɗebi rabin cokalin bakin hoda ki zuba a ɗan ruwan zafi a gabanta. Za ta ga ya yi kumfa yana tsuwa. Ki gaya mata akwai abu biyu a cikin hodar, ɗaya ɗan'uwan kanwa ne, ɗaya kuma mai tsami ne, in sun gamu a cikin ruwa sai su fitar da iska. Wannan iska ce take shiga ƙulli ta buɗa shi, wuta kuma ta ƙafar da shi a haka. Ta wannan hanya kuma za ki gane ko hodarki tana da rai. In ba ta yi kumfa ba ta mutu, a sayo wata. Amma kada ki ce za ki sa kanwa a madadinta. Ƙarfin kanwa ba ɗaya ba ne, wata ta fi wata, kuma in ta yi yawa burodin zai yi ɗaci.

GASHI

Wadda take da obin na gas ko na lantarki, ta kunna shi tun da wuri ya kai digiri 180 na ma'aunin Selshiyos. In kin ga an rubuta 350 a tsohon littafin Amurka, wannan a ma'aunin Faranhait ne, zafin kusan ɗaya ne. Ta sa gwangwanin a tsakiya, ta gasa minti 45 zuwa 55.

Wadda ba ta da obin kuwa kada ta damu. Ki sami babbar tukunyar ƙarfe mai murfi, ki zuba busasshen yashi mai tsabta a ƙasanta, kaurin yatsa biyu. Ki ɗora a kan garwashi, ki rufe, ta yi minti 15 tana ɗaukar zafi. Domin ki san ko zafin ya yi, ki barbaɗa fulawa kaɗan a kan wani murfin gwangwani ki sa a ciki. In ta yi ja-ja mai kyau cikin minti 5, zafin ya yi daidai. In ta ƙone, ki rage wuta. In tana nan fara, ki ƙara. Sa'an nan ki jera ƙananan duwatsu uku a kan yashin, ki ɗora gwangwanin burodi a kansu, ki rufe, ki zuba garwashi a kan murfin. Wutar ƙasa ta zama kaɗan, domin yashi yana riƙe zafi, kuma ƙasan burodi ne ya fi saurin ƙonewa.

Duk wannan aikin wuta naki ne ke kaɗai. Aikin yarinya shi ne tsaron agogo. Ki ce mata: "Mun sa shi ƙarfe 4 da minti 10, zai yi minti 50, ƙarfe nawa za mu duba?" Ki bar ta ta lissafa har ta gano ƙarfe 5 ne. Ki kuma ja mata kunne cewa ba a buɗe murfi a cikin rabin awa na farko, domin in iska mai sanyi ta shiga kafin tsakiyar ta ƙafe, burodin zai faɗa.

In lokaci ya yi, ki soka tsinke mai tsabta ko siririyar wuƙa a tsakiya. In ya fito ba ƙulli a jikinsa, ya gasu. In akwai, a ƙara minti 5 a sake gwadawa. Za ku ga samansa ya tsage a tsaye. Wannan ba aibi ba ne, haka halin wannan burodi yake, saboda bayansa yana riga cikinsa gasuwa, cikin kuma yana ci gaba da tashi. Ki sauke, ya yi minti 10 a gwangwani, kana ki juye shi a faifai ya sha iska. Kada a yanka shi da zafi, domin zai marmashe. In an naɗe shi a tsumma mai tsabta ya kwana, ya fi yankuwa, ɗanɗanon gyaɗar kuma ya fi fitowa. A lokacin zafi a cinye shi cikin kwana biyu ko uku.

ABIN DA ZA A YI ANA JIRA

Minti hamsin ɗin nan kada su tafi a banza. Da farko ta wanke kwanonin da aka ɓata, ta share wurin, don ta san wanke-wanke yana cikin girki. Bayan haka ku zauna da littafinta. Ki tambaye ta, in baƙi za su zo ana son burodi biyu, kofi nawa na sukari za a sa? Rabin cokalin gishiri sau biyu, nawa ke nan? In an yanka burodin gida 14, mutanen gida kuma su 7 ne, yanka nawa kowa zai samu? Babbar yarinya kuwa, ki faɗa mata kuɗin da kika kashe a kan kowane abu, har da gawayi, ta tara, ta raba da yawan yankan, ta gaya miki nawa kowane yanka ya tsaya. Wadda ta iya wannan lissafi, in ta girma ta kama sana'ar gida, ba za ta sayar da kayanta a kan hasara ba tana tsammani riba take ci.

IN BAI YI KYAU BA

Yakan faru, ko ga manya. In ya faru, kada a yi wa yarinya faɗa, balle a yi mata dariya a gaban baƙi. Ku yanka shi ku duba tare, domin burodin da kansa zai nuna abin da ya same shi. In ya yi nauyi bai tashi ba, ko hodar ta mutu, ko an danna fulawa a kofi ta yi yawa. In ya yi tauri da dogayen ramuka, juyi ya yi yawa. In bayansa ya ƙone cikinsa ɗanye, wuta ta yi yawa. In tsakiyarsa ta faɗa, an buɗe murfi da wuri, ko an sauke shi bai gasu ba. In yana da ɗaci-ɗaci a harshe, an zarce da hoda. Ta rubuta abin da kuka gano a ƙarƙashin jerin kayan, don a kiyaye a karo na gaba.

ABUBUWAN KIYAYEWA

Rigakafi ya fi magani. Yaron da bai kai shekara 5 ba, kada a ba shi ƙwayar gyaɗa, kada kuma a bar faifan gyaɗa inda hannunsa zai kai. Tana iya sarƙe shi ta shiga hanyar numfashi, abin ya zama na asibiti. In za a ba ƙananan yara burodin, a yi musu nasu da gyaɗar da aka daka ta yi laushi.

Akwai kuma yaran da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa sam. In yaro ya ci kika ga leɓensa ko fuskarsa sun kumbura, ko borin jini ya feso masa, ko yana amai, ko numfashinsa yana sarƙewa, a kai shi asibiti nan take, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Gidan da aka san akwai irin wannan yaro, a yi burodin da dabino kaɗai, da man shanu maimakon man gyaɗa. In za a aika wa maƙwabta, a gaya musu da gyaɗa a ciki.

Kada a bar yarinya ta lashi cokalin ƙulli, kome kwaɗayinta. Ɗanyen ƙwai da ɗanyar fulawa suna iya ɗaukar ƙwayoyin cuta masu sa gudawa, sai wuta ce ke kashe su.

Kada ta matso kusa da murhu da mayafi ko hijabi yana lilo, musamman na yadin roba, wanda in ya kama wuta yake narkewa ya manne a fata. Kada a hura gawayi a ɗaki a rufe ƙofa, domin yana fitar da wata iska marar wari mai kisa. Yashin tukunya kuma yana daɗewa da zafi bayan an sauke, kada a juye shi a tsakar gida inda yara suke yawo ba takalmi. In tsautsayi ya sa an ƙone, a riƙa zuba ruwan sanyi mai tsabta a wurin har minti 20. Kada a shafa gishiri, ko ƙwai, ko man goge baki, ko manja. In ƙunar tana da faɗi, ko a fuska take, ko a hannu, a tafi asibiti.

GA IYAYE

Na san wata za ta ce fulawa da sukari ba su da araha, ba za ta ba yarinya ta yi ɓarna da su ba. Gaskiya ne. To, ku fara da rabin awo: kofi 1 na fulawa, kwatan kofi na sukari, sauran kaya ma a raba biyu, a sa ƙaramin ƙwai, a gasa a ƙaramin gwangwani kamar minti 30 zuwa 35. Raba awon ma darasi ne. Wata kuma za ta ce aikin da za ta gama cikin minti goma, in da yarinya sai ya kai rabin awa. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa ya kamata a zaɓi ranar da ba makaranta, lokacin da aikin gida ya yi sauƙi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yarinyar da kullum ake ce mata "tashi ki ba ni wuri" a madafa, ba laifinta ba ne in ta girma hannunta yana rawa a gaban tukunya.

Haka nan kada a ware 'ya'ya maza. Yawancin masu gidajen burodi da masu shayi a garuruwanmu maza ne, kuma yaron da zai tafi makarantar kwana ko wani gari neman ilmi, ba zai yi nadamar iya auna gari ba.

In burodi ya huce an yanka, ki bar yarinya ta ɗauki na mahaifinta ta kai masa da kanta, ta kai wa kakarta, ta kai wa maƙwabta. In an tambaya wa ya yi, ki faɗi gaskiya, ki ce ita ce ta auna, ita ce ta haɗa, ke wuta kika tsare mata.

Ku kuma 'yan makaranta, ku kwafe wannan jerin, ku nemi izinin iyayenku mata, ku gwada a ranar hutu, amma kada ku taɓa wuta sai da babba a kusa. Duk wadda ta gwada, uwa ko 'ya, ta rubuto wa Edita ta gaya mana yadda nata ya fito da abin da ta gano, domin 'yan'uwa su ƙaru. Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa albarka a cikin abin da muke ci. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.